Ka samu gidan haya mai wurin wanka na giranit? Ga abin da za ka kiyaye

A gida idan ka gama wanka ka fita, rana da iska ne ke ƙarasa sauran aikin. A nan Ingila babu wannan gatan. Taga a rufe take saboda sanyi, tururi ya cika banɗaki, bango ya kwana a jiƙe, kafin wata biyu fumfuna ta yi baƙi a layukan da ke tsakanin tayil. Idan kuma tayil ɗin na giranit ne, wato wani irin dutse mai tauri, sai ka ƙara kula, domin duk taurinsa yana shan ruwa da maiƙo ta wasu ƙofofi da ido ba ya gani.

Maganin farko shi ne busarwa. Sayi abin nan mai bakin roba da ake goge gilashi da shi, ka rataye shi kusa da shawa. Kowa ya gama wanka ya janye ruwan daga sama zuwa ƙasa, ya bi da tsumma, ya bar fankar zuƙe tururi tana aiki kamar minti 20. Aikin minti biyu ne, yara ma za su iya. Alwala da wanka da bokiti a yi su a cikin wurin wankan, don yawancin banɗakunan nan ba su da magudana a tsakar ɗaki, kuma sau da yawa katako ne a ƙarƙashi. Ruwan butarka yana iya ɗiga kan maƙwabcin da ke ƙasa.

Ruwan Landan yana barin farin tabo kamar alli. Za a ce maka ka goge da ruwan khal ko lemon tsami. Kada ka yi. Tsami yana cinye maganin da aka shafa wa dutsen don toshe ƙofofin nan nasa, yana kuma zaizaye simintin layukan. Nemi sabulun ruwa da aka yi musamman don dutse.

Ni man kaɗanya ne ya koya min darasi. Na bar gwangwaninsa a kan 'yar kantar bango na makonni, da na ɗaga sai ga baƙin zobe ya nutse a cikin dutsen, gogewa ta ƙi fitar da shi. Lalle da man gashi ma haka suke yi, sai ka sa musu ɗan faranti.

Don ka gane ko dutsen na buƙatar sabon shafi, ɗiga ruwa a busasshen wuri ka jira minti 15. Idan ka goge ka ga wurin ya yi duhu, maganin da ke toshe ƙofofin ya ƙare. Ka sanar da mai gida a rubuce tukuna, gidansa ne. In ya amince, a wanke, a bar wurin ya bushe sarai kwana biyu ko uku, don in aka shafa a kan danshi laimar za a kulle a ciki. A shafa, a jira mintunan da aka rubuta a jikin kwalbar, a goge ragowar tas kafin ya bushe, kada kowa ya yi wanka sai bayan aƙalla awa 24.

Tun ranar da ka karɓi makulli ka ɗauki hoton kowane lungu na banɗakin. Kuɗin ajiyar da mai gida ke karɓa yakan kai hayar mako biyar, kuma hotunan nan ne shaidarka ranar tashi.