Darasi na 9: Zaɓen Unguwa Kafin a Ɗaure Kaya

Gidan gado a cikin Birnin Zariya ba ya ƙaruwa, mutanen cikinsa ne ke ƙaruwa. Wa ya yi aure, an yanka masa gefen zaure. Ƙane ya yi aure, an tashi turken awaki an yi masa ɗaki. Kafin a ankara tsakar gidan da kaka ke shanya hatsi ta koma lungu, ko igiyar shanya sai an yi layi. Ranar da yaranka suka kai uku a ciki ɗaya, ba sai wani ya gaya maka lokacin fita bayan ganuwa ya yi ba. Wani kuma ba cunkoso ne ya taso shi ba, canjin wurin aiki aka yi masa daga Funtuwa ko Kaduna, ya sauka a Kwangila da iyali bai san gabas ba bai san yamma ba.

Wannan darasi na duka biyun ne. Za mu yi karatu, za mu yi ɗan lissafi, a ƙarshe akwai aikin gida.

Fara da sanin yadda garin ya kwanta

Zariya ba dunƙule take wuri guda ba. Akwai Birni da ƙofofinsa, irin su Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Kibo. Kana fita Ƙofar Doka ka shiga Tudun Wada, ga Kongo da Gyallesu a gefe. Ka haye rafin Kubanni, sai Sabon Gari da babbar kasuwa da tashar jirgin ƙasa. Daga nan hanyoyi suka rabu. Hanyar Sakkwato ta bi ta Kwangila da Hanwa da Palladan, inda makarantar koyon tuƙin jirgin sama take, ta wuce Samaru mai Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, har ta kai Shika inda asibitin koyarwa yake. Hanyar Kano ta bi ta Dogarawa. Hanyar Kaduna ta fita ta Ɗan Magaji, ga Wusasa can kusa da dutsen Kufena. Hanyar Jos kuma ta haye kogin Galma zuwa Dakace.

Abin da ya sa na jero su: inda kake neman abinci shi ne zai fara rage maka zaɓi. Mai gadi ko masinja a jami'a ya duba Samaru da Zango da Bomo da Hayin Dogo. Mai rumfa a kasuwar Sabon Gari ya duba Muciya da Cikaji da Dogarawa. Wanda sana'arsa ke cikin Birni amma ya kama gida a Shika don araha, to ya ɗaura aure da mota, kullum sai ya biya sadaki.

Ka kuma tambayi ƙaramar hukumar da unguwar take ciki. Mu dai Zariya muke cewa duka, amma a takarda Birni da Tudun Wada suna ƙaramar hukumar Zariya, Samaru da Hanwa da Basawa suna ta Sabon Gari, Shika kuma tana ta Giwa. Ranar neman wata takarda za ka san amfanin wannan tambaya.

Gidan rani da gidan damina

Nan zan ɗan daɗe, domin nan na ƙone hannu.

Wata shekara a watan Maris dillali ya kai ni wani gida a gefen gari. Ciki biyu da falo, tsakar gida mai faɗi, rijiya a kusurwa, fenti sabo fil har yana ƙamshi. Kuɗin haya bai kai abin da nake tsammani ba. Washegari na kai uwargida ta gani. Ta zaga, ta leƙa rijiya, ta fito waje ta tsaya tana kallon gidajen layin.

Ta ce, "Malam, ka lura duk maƙwabtan nan sun ɗaga dokin ƙofarsu? Na gidan can ya kusa kai gwiwa."

Na ce, "Ke dai kin cika bincike. Ado ne."

Ta ce, "To, Allah ya sa adon ne."

Na biya kuɗin shekara, na biya la'adar dillali. Ruwan Yuni bai dame mu ba. Da Agusta ta kama, sai layin ya koma rafi. 'Yan acaɓa suka daina shigowa, a bakin titi suke ajiye mutum ya tattare wando ya ƙarasa. Ruwa bai shigo mana ta ƙofa kaɗai ba, ta ƙasan siminti ya riƙa tsattsafowa. Sabon fentin ya kumbura ya zube, sai ga tsohon zanen ruwa a jikin bango, daidai gwiwata. Ashe abin da aka rufe ke nan. Ƙaraminmu ya sha kwanciya da zazzaɓi a daminar nan, ita kuwa uwargida ba ta taɓa ce mini "ai na faɗa" ba, wanda ya fi mini ciwo da a ce ta faɗa.

Ruwan Zariya yana sauka ne daga wajen Mayu zuwa Oktoba, ƙarfinsa a Agusta. In da hali, a Agusta ake zuwa ganin unguwa, kuma washegarin ruwa mai ƙarfi, da sassafe. In tashin ya kama da rani, ƙasa ba ta ɓoye sirri ga mai kallo. Dubi gindin katangu: gansakuka ko wani fari-fari kamar gishiri alamar danshi ce. Dubi ƙofofin maƙwabta, ko an ɗaga su, ko an jera buhunan yashi. Dubi abin da ake nomawa a filayen kusa. Inda ka ga kututturen rake ko shinkafa, fadama ce, ko da an yanka ta fulotai an ba ta sabon suna. Inda ka ga karan gero da dawa, tudu ne. Unguwannin da ke bakin Kubanni da Galma da ƙananan rafukan da ke zuba cikinsu suna buƙatar wannan kallo fiye da sauran.

Sai kududdufi. Sabuwar unguwa ba ta rasa ramin da aka ɗebi ƙasar gini. Da rani rami ne kawai da yara ke wasa a ciki, da damina ya cika ya batse, kuma yaro ɗan shekara uku bai san zurfi ba. Nan ne kuma sauro ke zuba ƙwai, cikin mako ɗaya zuwa biyu su zama sauro masu cizo. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar su zazzaɓin cizon sauro ya fi kayarwa. Tambayi matan layin ko masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina, wanda ake bai wa yara daga wata 3 zuwa wata 59, suna shigowa har nan.

Ruwan sha kishiyar wannan ne: shi a Maris da Afrilu ake gane gaskiyarsa, lokacin da rijiyoyi ke ja baya. Kada ka tambayi mai gidan haya, shi rijiyarsa ba ta taɓa ƙafewa ba tun da aka haƙa ta. Tambayi 'yan ga-ruwa. Tsaya bakin layi da safe ka ƙirga kurarsu nawa ta shiga, ka tsayar da ɗaya ka ji nawa jarka yanzu, nawa take kaiwa da bazara, kuma daga ina suke ɗebowa. Kan famfo a tsakar gida ba shaida ba ce, murɗa shi ka gani. In rijiya ce, taka daga bakinta zuwa masai, naku da na maƙwabta ta bayan katanga. Ma'aikatan lafiya suna son tazarar ta kai mita 30, wato kamar taku arba'in na babban mutum. A ƙaramin fuloti da wuya a samu haka. In ba a samu ba, ruwan ya zama na wanki da wanka, na shan yara a tafasa ko a nemo wani.

A auna da ƙafar yaro

Babba yakan ce makaranta "nan kusa ce", don shi a kan babur yake zuwa. Ka ɗauki ɗanka mai shekara shida ku taka tare daga ƙofar gidan zuwa firamaren, da ƙarfe bakwai na safe, ka duba agogo. Abin da za ka lura da shi ba nisa kaɗai ba ne, har da abin da zai tsallaka. Babban titin Kaduna zuwa Kano da ya ratsa Ɗan Magaji da Kwangila da Dogarawa, da titin Sakkwato da ya raba Samaru, hanyoyin tirela da tankar mai ne. A ganina makarantar da ta ɗan fi nisa amma tana gefenku ta fi wadda ke kusa a tsallaken titi. Haka Islamiyya da makarantar allo, musamman ma da yake su da yamma ko bayan magariba ake tashi.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Amma doka ba ta zaunar da yaro a kan benci. Shiga makarantar da kanka, gaida hedimasta, leƙa aji ɗaya ka ga yawan yara da ko malami na ciki. Kafin ku tashi daga tsohuwar unguwa, karɓo takardar canjin makaranta, ka haɗa ta da takardar haihuwa da katin rigakafi a leda ɗaya. Sabuwar shekarar karatu a Satumba take farawa, saboda haka tashi cikin dogon hutu ya fi sauƙi ga yara.

Asibiti kuma da dare ake auna shi. Kowa ya san na Shika, da asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, da na Wusasa. Tambayar ita ce, in naƙuda ta tashi ƙarfe biyu na dare, ko yaro ya fara shiɗewa, wa zai fitar da ku, kuma ta wace hanya? Nemi sanin ko akwai mai Keke Napep ko mai mota da ke kwana a layin. Na yau da kullum kuwa, ƙaramin asibitin sha-ka-tafi shi ne abokin mai goyo: awon ciki, da rigakafin jariri ranar haihuwa, da na mako 6 da 10 da 14, da na ƙyanda a wata 9. In sai an hau mota biyu kafin a kai, wata allurar za ta wuce ba a yi ba.

Lissafi

Ɗauko fensir. Waɗannan kuɗaɗe na koyon lissafi ne, kowa zai sa nasa daga baya.

A ce gida na farko yana kusa da wurin sana'arka, da ƙafa kake zuwa, rijiyarsa ba ta ƙafewa. Hayarsa N300,000 a shekara. Gida na biyu yana bayan gari, hayarsa N200,000. Da ji ka ce an sami rarar N100,000.

To, daga gida na biyu kuɗin mota zuwa da dawowa N600 ne a rana, kana fita kwana 26 a wata. 600 sau 26 ya ba da 15,600. Sau wata 12 ya zama 187,200. Rijiyar kuma tana ƙafewa kwana 150 a shekara, kuna sayen jarka 6 kullum a kan N50 kowace, wato N300 a rana. 300 sau 150 ya ba da 45,000. Tara su: 200,000 da 187,200 da 45,000 sun zama N432,200. Gidan arahar ya fi na farkon tsada da N132,200, ba a ma sa kuɗin motar uwargida zuwa awo ko zuwa biki da gaisuwa a Birni ba.

Ba ina cewa bayan gari ba shi da riba ba. Akwai fili, akwai iska, yara na gudu ba a lungu ba, uwargida na kiwon kaji da awaki, har a shuka kuɓewa da yakuwa a bayan ɗaki. Mai keke ko babur nasa, lissafinsa zai bambanta. A dai yi lissafin a takarda tukuna, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mutanen layi

Je ka yi sallar magariba a masallacin layin sau biyu ko uku. Zauna wurin mai shayi, ka saurara fiye da yadda kake magana. Nan za ka ji kwana nawa taransifoma ta yi a lalace, ko akwai 'yan sintiri, da nawa kowane gida ke bayarwa a wata. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a 'yan shekarun nan wasu unguwannin gefen Zariya sun sha fama da masu garkuwa da mutane, don haka gidan da ke can ƙarshe shi kaɗai, daga shi sai gonaki, a yi tunani sau biyu. Uwargida ma ta shiga gidaje biyu ta gaida mata, abin da za a gaya mata a tsakar gida ba za a gaya maka a zaure ba. Dubi matasan da ke zama a bakin layi da abin da ke hannunsu, don da su ɗanka zai tashi, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Daga nan sai gaisuwar mai unguwa. "Ranka ya daɗe, baƙo ne ni, ina neman zama a ƙasarka da iyalina." Wannan kalma ɗaya tana buɗe ƙofofi. In fuloti za ka saya ba haya ba, shi zai gaya maka ko filin na gado ne da ba a raba ba. Kada ka biya sai da shaidu da takarda, sa'annan a bincika a hukumar filaye ta jiha, KADGIS, ko wurin ba hanya ba ce, ko filin makaranta, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Kuɗin haya ma a karɓi rasit mai kwanan wata da sa hannu. Yanzu da ka iya karatu, karanta shi da kanka kafin ka ninke.

Aikin gida

Zaɓi unguwa biyu da kake sha'awa. Ja layi a tsakiyar shafin littafinka, rubuta sunan kowace a sama. A ƙarƙashin kowace rubuta kuɗin haya, kuɗin mota na wata, kuɗin jarka da bazara, da mintin da yaro ya yi kafin ya kai makaranta. Rubuta jimla ɗaya a kan abin da ka gani a gindin katanga. Wanda bai riga ya iya sau ba ya kawo alƙalumansa aji ranar Asabar, mu buga su tare a kan allo.