Yadda na gyara asarar sigina a wayar eriyata

Wata biyu ina fama, abokai basa jina sam a rediyon sadarwata a zangon 145 MHz, ga SWR (ma'aunin siginar da ke dawowa baya daga eriya) na nuna 1.2, wato lafiya lau, shi yasa ban zargi waya ba. Da na auna a gindin eriya, wat 50 da nake turawa ko 10 baya kaiwa! Ashe ruwan damina ya shiga ta kan mahaɗin wayar, PL-259, na fere wayar naga ragar tagullar tayi baƙi ƙirin, kuma siririyar waya ce, RG-58, mita 30, ko sabuwa ce tana shanye fiye da rabin wat ɗin, waya mai asara kuwa ɓoye ainihin SWR take yi. Na sa waya mai kauri, RG-213, mita 18, na naɗe mahaɗin da tef mai hana ruwa. Yanzu wat 35 ke kaiwa sama, alhamdulillahi.