Kafin ka kira masu wankin daɓe, ka san irin daɓen da ke gidanka

Gidanmu na gado a cikin birnin Kano tarazo ne tun daga zaure har ɗakin Hajiya, kuma ni aka ɗora wa kula da shi tun bayan rasuwar mahaifinmu. Shekarar da za a aurar da ƙanwata, wani ya kawo mini yara biyu da jarka, suka ce kafin la'asar falo zai yi fes. Asid ne a jarkar. Suna zubawa daɓen ya ɗauki kumfa yana tsuwa, ni kuma ina tsaye ina murna wai dauɗa ce ke fita. Da ya bushe sai ya yi fari fat, ya yi kaushi kamar dutsen niƙa, duk inda ƙafa ta taka sai ya kama datti. Ashe fuskar tarazon ce ta narke. Sai da na biya kuɗin gurza da inji, ninkin abin da na yi tsammanin na tsira da shi.

Dalilin ba wani boyayye ba ne. Tsakuwar da ke cikin tarazo gutsattsarin mabul ce, siminti ya riƙe ta, kuma asid yana cin su duka biyun. Ko ruwan lemon tsami ka ɗiga a kan mabul ka bar shi, zai bar tabo. Tayil mai sheƙi yana jure asid fiye da haka, shi ya sa magina ke wanke ragowar siminti da shi bayan sun gama aiki, amma ko a nan yana cinye simintin da ke tsakanin tayil da tayil, ya kuma sa ƙasan ƙofar ƙarfe tsatsa. Saboda haka tambayata ta farko ga duk wanda ya zo neman aiki ita ce: "Malam, da me za ka wanke?" In ya ce asid tun bai sunkuya ya dubi daɓen ba, sai in ba shi kuɗin mota mu rabu lafiya.

Wajen nemo su, ban cika yarda da lambar waya da aka rubuta a jikin katanga ba. In ka shiga masallaci ko makaranta ka ga tsohon tarazo yana ɗaukar ido, ka tambayi ladan ko mai gadi wa ya yi musu. Masu sayar da tayil a kasuwar Ƙofar Ruwa ma sun san masu inji, haka 'yan Dei-Dei in kana Abuja. Ka je ka ga aikin da mutum ya yi wata shida baya, domin kowane daɓe yana ƙyalli ranar da aka gama shi.

Aikin iri uku ne, kuma mutane na cuɗa su. Akwai wanki, da ruwa da sabulu da burushi. Akwai gurza, inda inji ke cire siririn saman tarazo ko mabul. Sai kuma shafa folish ko man da ke toshe ƙofofin daɓe. Gurzar ita ce mai tsada, ita ce kuma ake ha'inci a cikinta. Mai gaskiya yana farawa da dutse mai kaushi, ya bi da mai laushi, mataki-mataki. Faifan gurza na zamani lamba gare su: 50, 100, 200, 400, 800, 1500, har 3000, kuma yawan lambar shi ne laushin faifan. Bayan gurzar farko ƙananan ramuka kan bayyana, sai a cike su da kunun siminti a bar shi ya kama kafin a ci gaba. Shi ya sa aikin ba ya ƙarewa a yini ɗaya. Mai sauri kuwa zai tsaya a faifai na biyu, ya lafta folish mai kauri ya rufe karce-karcen, ya karɓi kuɗinsa. Bayan sati uku, hanyar da ake bi zuwa kicin za ta fito kamar turbar awaki. Ka sa ya zazzage maka faifansa a ƙasa ka ƙirga su, ka tambaye shi a wace lamba zai tsaya.

Folish ɗin ma ba kowane daɓe ke sonsa ba. Tsohon jan siminti yana shan sa ya yi kyau. Tayil mai sheƙi ba ya sha, sai ya zauna a sama ya yi santsi, ƙurar hunturu ta manne masa. In akwai tsoho a gidan ko masu yawo da ɗanyar ƙafa bayan alwala, wannan karaya kake sayowa. Kuma kada a shafa komai a kan tarazon da bai bushe ba. A ba shi kwana ɗaya ko biyu.

Jinga kuwa a yi ta a kan awo. Ɗakin da muke kira sha biyu sha biyu bai wuce sikwaya mita 13 da ɗoriya ba, don haka ka auna da kanka kafin su iso. Ka ji farashi daga mutum uku. Sannan ku fayyace ƙananan abubuwan da ke haddasa rigima da yamma: wa zai kawo janareta in an ɗauke wuta, wa zai zuba mata mai, wa zai biya 'yan garuwa, wa zai fitar da kujeru ya mayar, kuma gefe-gefe da lungun da babban inji ba ya kaiwa suna cikin kuɗin ko a'a. Ni nakan tura duk abin da muka yi a saƙon WhatsApp, in ce ya amsa. Kafin alƙalami ba na wuce kuɗin kayan aiki, cikon sai daɓe ya bushe na duba shi da rana, labule a ɗage. Kafin a taɓa falo kuma, a gwada a bayan ƙofa ko inda kujera ke rufewa.

Farin kunun da inji ke fitarwa garin siminti ne da dutse. Kada ka bari su tura shi cikin bututun banɗaki, zai kwanta ya toshe shi. A kwashe a bokiti. Ka kuma sa ido kada wani yaro ya haɗa Hypo da asid ko da maganin wanke masai a bokiti ɗaya, domin hayaƙin da ke tashi guba ne, musamman a banɗaki mai ƙaramar taga.

Kada ka bari sai saura kwana uku Sallah, lokacin kowa na nemansu kuma hannunsu na rawa. Ni yanzu a watan Sha'aban nake kiran nawa mutumin. Da ya gama, yakan tara yaran gidan ya ce musu shara kullum, domin yashi ne ke kashe ƙyalli, sai mofa da aka matse sosai da ɗan sabulu kaɗan, a kuma ajiye abin goge ƙafa a bakin ƙofa. Bara ya leƙa ƙarƙashin kujerun falo ya ce mini, "Alhaji, waɗannan ƙafafun ƙarfen ka sa musu roba." Na yanko tsohon silifas na liƙa musu.