Yadda ake gano matsalar ƙofar gefe mai buɗe kanta a mota da gyara ta

Motoci irin su Toyota Sienna da Honda Odyssey da ake shigowa da su na hannu sukan iso Damagaram ƙofar gefensu tana buɗe kanta da taɓa maɓalli, amma ba a daɗewa sai ta fara tsayawa a rabi ko ta ƙi motsi sam. Mutane da yawa sukan yanke hukuncin cewa injin ƙofar ya ƙone, alhali kuwa yawanci ƙurar hunturu da yashin hanya ne suka toshe ta, ko batir ya yi rauni. Shi ya sa ake fara bincike daga abin da ba ya cin kuɗi.

Da farko, a duba maɓallin da ke kusa da sitiyari wanda ke kashe wutar ƙofofin baki ɗaya, domin yaro ko mai wankin mota yakan danna shi ba da sani ba. A sa giya a kan P. A tabbatar murfin tankin mai ya rufu sosai, saboda an ƙera ƙofar da ke gefen tankin yadda ba za ta buɗe ba muddin murfin yana buɗe. Haka nan, idan gilashin ƙofar yana sauke, ana iya ganin ta tsaya kafin ta kai ƙarshe, kuma wannan kariya ce da aka yi da gangan.

Daga nan sai batir. Lafiyayyen batir yana nuna wajen volt 12.6 idan mota tana kashe, wanda kuwa ya sauka ƙasa da 12 ba zai ja ƙofa mai nauyi yadda ya kamata ba. A ciro fiyus ɗin ƙofar bisa zanen da ke murfin akwatinsa, in ya ƙone a maye shi da mai lamba iri ɗaya daidai. Ɗaura zaren waya a gurbinsa, kamar yadda wasu ke yi a bakin tasha, yana iya ƙona wayoyin motar. Idan an cire batir ko an canza fiyus, a rufe ƙofar da hannu har ta kama sosai, domin kwamfutar motar ta sake gane inda ƙofar take.

Mataki mafi muhimmanci shi ne a kashe wutar ƙofar a tura ta da hannu a hankali, ana saurare. Ƙofar tana tafiya ne a kan ƙananan tayoyi a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, kuma idan ta ci karo da turjiya, na'urarta takan ɗauka hannun mutum ne ya shiga, sai ta koma baya. Motar da ke bin hanyar Tanut ko ta ƙauyukan Mirriya takan tara yashi a kwararon ƙasa, giris ɗin da aka lafta a ciki kuma ya haɗu da shi ya zama kamar taɓo mai goge tayoyin. A wanke kwararon uku da buroshi da tsumma, a bar su su bushe, sa'an nan a fesa man silikon kaɗan. Idan ƙofar tana rinjaya ƙasa ko tana gogar fenti, tayar tsakiya ce ta cinye, kuma sai an tallafe ƙofar da jak kafin a kwance ta. A kuma duba robar da ke bakin ƙofar, wadda ke jin taɓawa, ko ta yage.

In ana jin injin ƙofar yana juyawa amma ƙofar ba ta motsi, igiyar ƙarfen da ke jan ta ce ta tsinke ko ta cukuikuye. Zafin watan Afrilu da Mayu yana fasa robar da ta lulluɓe ta. Canza igiyar yana buƙatar cire murfin ciki, don haka aikin gogaggen mai gyaran wutar mota ne, kuma a ba shi shekarar motar da gefen ƙofar kafin ya aika Kano neman kayan. Kafin su iso, ana iya yanke igiyar da ta tsinke, a kashe maɓallin, a riƙa buɗe ƙofar da hannu, amma a tabbatar makullinta yana kamawa da kyau kafin a ɗauki yara.