Kafin ka sayar da bijimi ka sayi fom ɗin mastas

A watan nan kaɗai mutum uku sun same ni da magana ɗaya. Na farko kashiya ne a ƙaramar hukuma, na biyu yana riƙe da sashen rance a wani ƙaramin banki na garinmu, na ukun kuma akanta ne a wata masana'antar casar shinkafa ta wajen Haɗeja. Kowannensu ya haura shekara goma a bakin aiki, kowannensu yana son ƙaro karatu. Da na tambaye su wace ƙofa suke so takardar ta buɗe musu, sai aka shiga kallon kallo. Na gaji da maimaita karatun nan a kan tabarma bayan Isha'i, shi ya sa na zauna na rubuta.

Zan fara da kuskuren da ya ci ni, don har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Ina sashen kuɗi na wata ƙaramar hukuma a Jigawa na ga sa'o'ina suna liƙa MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, a bayan sunansu, ni ma na ce ba za a bar ni a baya ba. Na sayar da bijimai biyu da nake kiwo, na haɗa da kwasar adashi, na shiga ajin ƙarshen mako a wata jami'a. Shekara biyu ina sammakon tasha, in kwana a ɗakin wani ɗan'uwa a birni, in dawo daren Lahadi jiki duk ya yi tsami. Ranar da takarda ta fito har leda na sa aka manna mata. Na kai wa jami'in da ke kula da fayil ɗin ma'aikata, ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Yallaɓai, Allah ya sanya alheri. Amma ina ta ANAN ko ta ICAN?" Ya jawo littafin tsarin aiki daga durowa, ya ɗora yatsa a kan layin. Kujerar da nake hange shaidar ƙungiyar ƙwararrun akantoci irin ANAN ko ICAN take nema, ba digiri na biyu ba. Wani yaro da ni na koya masa cike baucar biya, shi ya tafi kwalejin ANAN da ke Kwall kusa da Jos, ya dawo ya wuce ni ina kallo.

Littafin nan yana cikin ofishinmu tun kafin a ɗauke ni aiki. Ban taɓa buɗe shi ba.

Saboda haka abin da nake ce wa kowa yanzu shi ne, kafin ka biya ko sisi, je ka ga abin da aka rubuta game da kujerar da kake so. In aikin gwamnati kake, tsarin aiki. In banki kake, tambayi sashen kula da ma'aikata. Ma'aikacin ƙaramin bankin nan da na ambata, abin da ya fi masa amfani shi ne jarrabawar shaidar ƙwarewa ta ƙananan bankuna da cibiyar ma'aikatan banki ta CIBN ke shiryawa, wadda Babban Bankin Nijeriya ke buƙata daga masu riƙe da shugabancin irin waɗannan bankuna. Kuɗinta bai kai na MBA ba, kuma ita za a fara tambaya in ana neman manaja. Mai aikin haraji yana da CITN, cibiyar ƙwararrun masu harkar haraji. Ba na ce digiri na biyu ba shi da amfani ba. Cewa na yi a san wanda za a fara, domin aljihun mai iyali ba ya ɗaukar biyu a lokaci ɗaya.

Kuskure na biyun ma ni ya faɗa wa, kuma shi ya fi baƙanta mini rai, don sakaci ne tsagwaronsa. Na shiga ofishin maigidana na gaya masa zan riƙa fita da wuri ranar Juma'a saboda makaranta. Ya ce, "Haba, ba komai, Allah ya ba da sa'a." Na ɗauki wannan a matsayin izini. Bayan wata bakwai aka yi masa canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi bai san da zancen ba, ya ga kujerata wayam Juma'a uku a jere, sai ga takardar tuhuma. Da na je bayani ya ce in kawo takardar sahalewa. Ina zan samo ta? Ko da na gama, sai da na yi ta sintiri kafin a yarda a sa shaidar a fayil ɗina, wai karatun da hukuma ba ta san da shi ba ne. Ku ji ni da kyau, ƙannena: "ba komai" ba izini ba ne. Rubuta takardar neman izinin ƙaro karatu, ta bi ta hannun shugaban sashenka, a buga mata hatimi, ka yi hotonta biyu, ɗaya a ofis ɗaya a ƙasan akwatin uwargida. Ni yanzu ko bita ta kwana uku zan je sai na ga sa hannu. Abokan aiki suna mini dariya, su yi ta yi.

Sai rikita MBA da MSc, wanda kusan kowa ke yi. MBA karatun gudanarwa ne, za a ɗanɗana maka kasuwanci, kula da ma'aikata, dabarun shugabanci da harkar kuɗi, kowanne kaɗan kaɗan. Ya dace da akantan masana'antar shinkafar nan da ke son wata rana ya riƙe kamfanin gaba ɗaya, daga sayen shanshera a Auyo har zuwa ciniki da dilolin Dawanau. MSc kuwa zurfi ne a fanni ɗaya, da kundin bincike na gaske, kuma shi jami'o'inmu suka fi nema in mutum zai wuce digiri na uku ko zai koyar. Na san wanda burinsa in ya bar aiki ya koma koyarwa a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa, ya yi MBA, daga baya ya gane sai ya sake sabon lale. In allo da alli kake hange, kar ka bi ajin ƙarshen mako don kawai ya fi sauƙi.

Masu neman gajeriyar hanya kuma, ban san me zan ce muku ba. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, a farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Duk da haka har yanzu ana turo wa mutanenmu talla a WhatsApp, wai mastas a wata shida ba jarrabawa. Kai da aikinka shi ne gano baucar bogi, a ce an sayar maka da takardar bogi? Duba sunan makarantar a jerin jami'o'in da hukumar NUC mai kula da jami'o'i ta amince da su. Ga Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote a Jami'ar Bayero, ga karatun nesa na Jami'ar Ahmadu Bello, ga NOUN, jami'ar karatu daga gida, da cibiyoyinta a Kano da Dutse. Me aka rasa?

Haka masu karatun intanet da ake biya da dala, ko jarrabawar CFA ta masu nazarin zuba jari mai matakai uku. Karatu ne mai kyau ga wanda zai yi harkar zuba jari a Legas ko Abuja. Amma a farkon 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a 2024 ta haura 1,500. Albashinka da naira yake zuwa. Wanda ya fara kafin wannan tashin, zango na gaba ya tarar da kuɗin ya ninka uku. Ga kuma sabis ɗin ƙauyenmu, da sai ka hau tudun bayan makarantar firamare kafin bidiyo ya buɗe.

Akwai fannin da nake ganin mutanenmu suna tsallakewa ba dalili: harkar kuɗi ta Musulunci. Jami'ar Bayero tana da cibiya sukutum a kan wannan. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, aka zo aka sayar da sukuk (takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa) na farko na gwamnatin tarayya na naira biliyan 100 a 2017, ga TAJBank a 2019, ana neman waɗanda suka iya cinikin murabaha (banki ya sayi kaya ya sayar maka da ƙarin da kuka amince) da salam (a biya kuɗin kaya kafin a kawo su) a aikace. Duk wanda ya taɓa zama da manoman riɗi yana lallashinsu su karɓi rance suna cewa ba sa cin riba, ya san inda wannan ilimi zai yi aiki. Da zan sake, nan zan nufa.

Sauran ƙanana ne. In HND gare ka, ko digirinka mai daraja ta uku ne, lissafa da shekarar PGD, wato difloma ta share fagen mastas, tukuna. Nemi takardar sakamakonka daga tsohuwar makaranta tun kafin a buɗe fom, ba a fafe gora ranar tafiya. Duba ko sunanka iri ɗaya ne a duk takardunka, Muhammad a nan Mohammed a can ya isa ya tsayar da kai. Kuɗin mota da masauki da buga kundi sukan kamo kuɗin makaranta, musamman tun bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023. Kar ka ba wa wani kwangilar rubuta maka kundin bincike, ranar kare shi kai kaɗai za ka tsaya gaban malamai.

Sannan ka ɗauko kalanda ka dubi lokacin jarrabawa. Ni tawa ta zango na biyu ta faɗo daidai makon haɗa albashi, kuma daidai lokacin noman farko. Na rubuta takardar safe a birni, na kamo motar azahar, na kwana a ofis ina haɗa jadawalin albashi da fitilar waya, geron kuwa ciyawa ta cinye rabinsa a shekarar.