Yadda ake fita shan iska da iyali a bazarar Ingila ba tare da an dawo da mura ba

Duk shekara da watan Maris ya raba tsakiya nakan ga abu ɗaya a wurin 'yan uwanmu sabbin zuwa Landan. Sun yi wata huɗu a ƙunshe a ɗaki saboda hunturu, yara sun ishe su da tsalle a kan kujera, sai wata Asabar a wayi gari rana ta fito tar. Nan take maigida ya ce kowa ya shirya. Kafin awa biyu sun dawo gida, ƙaramin yana kuka, babbar tana rawar ɗari, uwargida ta rantse ita da fita sai Yuli. Ni ma haka na yi a shekarata ta farko, shi ya sa nake da bakin magana.

Sunan ne yake yaudararmu. An ce mana wannan lokaci shi ne bazararsu, mu kuwa da mun ji bazara sai Kano ta faɗo mana a rai: zafi ya kai digiri 40, mangwaro ya cika kasuwa, ana shimfiɗa tabarma a tsakar gida a kwana. Afrilun Landan da rana bai cika wuce digiri 15 ba, da asuba kuwa yakan sauko 5 ko 6. Wato abin da muke kira tsananin sanyi a gida, shi ne bazararsu.

Da farko, ɗauko kalanda

Kada ka fara da tambayar ina za mu je. Fara da yaushe. Makarantu suna ba da hutun Ista (bikin Kirista da ke faɗowa a ƙarshen Maris ko cikin Afrilu) na kusan mako biyu, sannan akwai hutun gwamnati a Litinin ta farko da ta ƙarshe a watan Mayu, da kuma hutun rabin zango na mako guda a ƙarshen Mayu. A cikin waɗannan za ka zaɓa. Kada ka ce bari in ɗauke su ranar Laraba tunda babu cunkoso. A Ingila ana iya cin tarar iyaye fam 80 kan kowane yaro idan fashin makaranta ba da izini ba ya taru, kuma uba daban uwa daban.

Lahadin ƙarshe ta Maris ake tura agogo gaba da awa ɗaya. Daga nan Azahar takan koma wajen ƙarfe 1, Magariba ta wuce 7 da rabi, zuwa ƙarshen Mayu ta kai 9. Ni ƙa'idata a fita 11 a dawo 4. Wanda ya fita 9 na safe da yara a watan Afrilu, sanyi ya je sha.

Sai tufafi, kuma nan ne ake faɗuwa

Ranar da ka hango ta taga ba shaida ba ce. Gilashi yana shigo da haske ya tare iska, ga na'urar ɗumama ɗaki tana aiki, sai ka ɗauka waje ma haka yake. Buɗe manhajar Met Office, hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya, ka bar babbar lambar da ke sama, ka nemi wadda ke nuna yadda jiki zai ji sanyin idan an haɗa da iska, ka kuma duba awa bayan awa. Hasashen da ka gani tun Litinin don fitar Asabar kada ka dogara da shi. Sake dubawa daren Juma'a, ka sake da safe.

Ranar da na kwashi tawa kunyar, shadda na sa wa yaran, sabuwa fil, wai don hoto ya yi kyau a aika wa kakanninsu. Muna isa saman tudu iska ta taso, bayanta yayyafi, har da 'yar ƙanƙara, duk cikin minti 20. Shadda ba ta tare iska, in ta jiƙe kuma sai ta manne a jiki. Babbar ta dube ni ta ce, "Abba, hannuna ba ya motsi." Uwargida ba ta ce komai ba sai da muka shiga bas, sannan ta ce, "Baban yara, gobe ma a sa shadda." Har yau ban manta ba.

Abin da ake yi shi ne hawa uku. Ta ciki mai kama jiki mai dogon hannu, suwaita a tsakiya, sai rigar ruwa mai hula a sama. Amfanin haka, in rana ta buɗe a cire ɗaya a jefa a jaka, in hadari ya haɗo a mayar. Ƙatuwar rigar hunturu guda ɗaya ba ta yi, domin yaro zai yi gudu ya yi gumi, ya cire ta, iska ta bugi gumin, sanyi ya kama shi. In dole sai an yi hoton shadda, a ɗora ta kan ta cikin, a ɗauka da zuwa, a rufe da rigar ruwa. Uwargida ma haka: dogon wando mai kama jiki a ƙarƙashin abaya, hijabi mai ɗan kauri.

Laima ni ban yarda da ita ba. Iska tana birkice ta, kuma hannun da ya kamata ya riƙe yaro shi ne yake fama da ita.

Ƙafa kuwa ta fi komai. Ciyawa takan yi kore shar amma ƙarƙashinta caɓi ne, tunda ƙasa ta sha ruwa duk hunturu. Takalmin roba mai tsawo ga kowane yaro, da safa biyu a jaka bayan wadda ke ƙafarsa. Yaron da safarsa ta jiƙe fita ta ƙare, ko da alewa ka cika masa aljihu. Kuma kada ka saya sabbi. Shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji suna kan kusan kowane babban titi, kuma ƙafar yaro ba ta shekara a takalmi ɗaya. Tabarma ma sai mai leda a ƙasa. In babu, yanka babbar ledar shara biyu ka shimfiɗa tukuna, ba wanda zai kula.

Zaɓen wuri

Kowane wuri ka zaɓa, ya kasance akwai mafaka kusa, wadda ba a biyan kuɗin shiga. Shi ya sa nake tura sabbin zuwa Greenwich Park kafin ko'ina: a Afrilu itatuwan ceri suna fure, akwai filin wasan yara, in ruwa ya sauko kuma gidan tarihin jiragen ruwa yana nan a gindin tudu, shiga kyauta. Sai an saba a tafi Richmond Park, wanda Sarki Charles na Ɗaya ya kewaye a 1637 don farauta, har yau barewa sun fi 600 a ciki. Faɗinsa eka 2,500 ne, saboda haka da keken jariri kada ka ce za ka zagaye. Nufi lambun Isabella da ke cikinsa kai tsaye a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu lokacin da furanninsa suka buɗe. Masu son ganin dabbobi akwai gonar Mudchute, ita ma kyauta, sai dai mai juna biyu ta nisanci tumaki a lokacin haihuwarsu, likitoci sun hana saboda cututtukan da ke taɓa ciki.

Kuɗin mota: a Landan yaron da bai kai shekara 11 ba ba ya biyan bas, jirgin ƙarƙashin ƙasa ma kyauta ne in yana tare da babban da ya biya. In za a fita gari, katin rangwamen iyali na jirgin ƙasa yana rage wa manya kashi ɗaya cikin uku, yara kashi 60 cikin 100. Amma a duba tun da wuri, don a hutun Ista da na Mayu aka fi rufe layin dogo ana gyara, sai ka tsinci kanka a bas da keken jariri.

Karnuka

Wannan a gida ake koyar da shi, ba a fili ba. Wuraren nan cike suke da karnuka ba igiya, yaranmu kuma da sun ga kare sai gudu da ihu, shi kuwa a wurinsa wasa aka fara. Ku gwada a falo: a tsaya cik, a naɗe hannu a ƙirji, a kau da kai. Barewa a ba su tazarar mita 50, musamman daga Mayu da suke haihuwa. An dawo gida a duba bayan gwiwa da bayan kunnen yara saboda kaska.

Sauran ba wuya. Shayi a filas, dambun nama, biredi, cincin. Shinkafa da miya sai dai a ci ta da sanyi, ban da ɓata kaya. Doka ta hana gashin nama a wuraren shaƙatawa na masarauta irin su Greenwich da Richmond, kada sha'awar tsire ta ja maka magana. A yi alwala daga gida, a ɗauki sallaya mai naɗuwa da gorar ruwa ta zama buta, a riƙe katin banki don wasu banɗakunan sai an biya. In yaro ya dawo yana atishawa, ido yana ƙaiƙayi, babu zazzaɓi, wataƙila ƙurar furen itatuwa ce, wadda ke tashi daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu. Je kemis ka faɗi shekarunsa su ba ka maganin da ya dace. Takalman kuma a cusa musu tsohuwar jarida a ajiye kusa da na'urar ɗumi, ba a kanta ba, zafi yana lalata roba.