Darasi na 9: In Laftof Tana Jan Mutum Lokacin Haɗa Ta da Monita

Wani mai shagon buga takardu kusa da kasuwar Wunti, cikin garin Bauchi, ya sayi monita. Allon laftof ɗinsa ƙarami ne, yana so masu zuwa cike fom su riƙa ganin abin da ake rubuta musu. Ranar farko yaron shago ya ɗauki wayar HDMI, mai kai hoto daga laftof zuwa monita, zai soka. Yatsansa na taɓa ƙarfen bakinta sai ya zabura.

"Oga, wallahi ta ja ni!"

"Kai dai tsoro gare ka. Miƙo nan."

Maigidan ya karɓa. Shi ma ta ja shi, har da ɗan tartsatsi. Daga nan bai sake cewa komai ba, sai ya aika a kira mai gyaran wuta.

Ga abin da ke faruwa. Wutar da ke soket a Najeriya bolt 230 ce. Cajar laftof tana sauke ta zuwa kamar bolt 19 ko 20. To amma a cikin caja akwai wani ɗan abu da ake kira kafasita, wanda aka sa don kada cajar ta riƙa damun rediyo da sauran na'urori. Ta nan wuta 'yar kaɗan take zurarewa zuwa jikin ƙarfen laftof. Monita ma haka take. In an gwada jikin ƙarfen da mitar awon wuta, za a iya ganin wajen rabin bolt 230, amma a lafiyayyar caja wutar da ke bi ba ta da yawa. Kamar rufi ne mai yoyo ɗigo-ɗigo.

Wannan ɗigo yana da kwatarsa, ita ce wayar ƙasa. Dubi kan waya mai ƙafa uku. Ƙafar sama, wadda ta fi tsawo da kauri, ita ce ta ƙasa. Wayarta a ciki kore ce da ratsin rawaya, kuma tana tafiya har zuwa sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa a gefen gini. In hanyar nan ta yanke, wutar ba ta da wurin zuwa. Sai ta tsaya a jikin na'ura tana jiran wanda zai taɓa, musamman mai tsaye ba takalmi a kan siminti.

Da mai gyaran wuta ya buɗe ekstenshan ɗin shagon, waya biyu kawai ya tarar. Ramuka uku ne a fuska, amma na ukun ado ne. Irin wannan ya cika kasuwa saboda arha, kuma a ganina shi ne ya fi jawo wannan matsala. Wani lokaci kuma soket ɗin bango ne ba a kai masa wayar ƙasa ba, ko janareta da aka tayar ba a haɗa shi da ƙasa ba.

Kada a rikita wannan da jan hunturu. Lokacin sanyi iska ta bushe, mutum zai taɓa ƙarfe ya ji tas sau ɗaya, shi ke nan. Na caja kuwa yana ta tsikari muddin hannu na kai. Gwada ka gani: zare caja, bar laftof a kan batir, cire wayar monita. In tsikarin ya ɗauke, mayar da su ɗaya bayan ɗaya har ka gane mai laifin.

Wajen haɗawa, kashe soket tukuna, ka zare caja da wayar wutar monita. Sannan ka soka wayar HDMI ko VGA. Sai a ƙarshe ka mayar da wuta, kuma su biyun su sha daga ekstenshan ɗaya mai wayar ƙasa ta gaske. Tartsatsin nan da ake rainawa yana iya ƙona ramin HDMI, gyaransa kuma aiki ne a kan babban allon cikin kwamfuta. Kada ka karya ƙafa ta uku don waya ta shiga soket, kada kuma ka tura wayoyi tsirara cikin soket da ashana.

Akwai jan da ba na wasa ba. In ya yi zafi har hannu ya ƙage, ko caja tana ƙauri, ko ta kumbura, ko fatar waya ta yage, kashe wuta nan take. Wannan caja ta gama aiki, ba a naɗe ta da leda a ci gaba. In wuta ta riƙe mutum, kada ka kama shi da hannu. Kashe ta daga babban makunni, ko ka ture wayar da busasshen katako, sannan a kai shi asibiti.

Aikin gida: ƙirga na'urorin gidanku ko shagonku masu ƙafa uku da masu ƙafa biyu, ka rubuta adadin. Karanta rubutun da ke jikin caja guda, ka kwafo lambar da ke kusa da harafin V. Kada ka buɗe soket da kanka. Kawo abin da ka rubuta aji mai zuwa.